Ƙaton Aji

Sau biyu aka cuce ni, kuma cutar iri ɗaya ce. Na farko hedimastan firamarenmu ne, wanda ya dubi girman jikina ya yanke hukunci cewa kaina ba na karatu ba ne, ya riƙa fitar da ni daga aji har ya mai da ni jakin makaranta. Ya rasu ban gaya masa komai ba. Har jana'izarsa na je, har na kama makara, don ko a nan ma ƙato ake nema. Na biyu wani malami ne a nan Kuala Lumpur, mai fara'a, mai ƙamshin turare, wanda ya dubi ɗana ya ga abin da wancan ya gani a jikina. Shi kam na gaya masa. Ni ba marubuci ba ne, bokona a aji shida ya tsaya, wanda ya ga kuskure ya gyara a ransa. Abin ne ya tsaya mini a rai, shi ya sa nake rubutun nan.

A makare aka sa ni makaranta. Mahaifina ya riƙe ni a gona har sai da mai unguwa ya zo ƙofar gida da kansa. A lokacin ba a tambayar shekarun yaro, cewa ake yi ya ɗora hannu bisa kai ya kamo kunnensa na ɗaya gefen. Wanda hannunsa bai kai ba a ce ya koma gida ya ƙara shan nono. Ni nawa hannun ya wuce kunnen har yana neman haɓa. Malamai suka yi dariya, wani ya ce ai wannan aure ya kamata a yi masa. Tun daga ranar sunana ya ɓace, na zama Ƙato.

In na rufe ido har yanzu ina jin makarantar nan. Ƙarar tsintsiya da sassafe, yara sun jeru suna sharar fili. Muryoyin 'yan aji uku suna rera biyu sau biyu huɗu kamar masu daka. 'Yan tallan gyaɗa da ƙosai a gindin katanga suna jiran a tashi tara. Allon bango da muke shafawa da baƙin tsohon batir da ɗanyen ganye, hannu ya kwana uku bai fita ba. Sai kuma ƙararrawa, wadda ba ƙararrawa ba ce, tsohon ƙarfen tayar mota ne aka rataye a darbejiya, ana dukansa da guntun rodi. Ƙananan yara a ƙasa suke zama gaban allo, ƙafa a harɗe. Benci biyu ne a aji, a can baya jikin bango, na manya. Daga can, in malami ya juya yana rubutu, rabin maganarsa allo ne ke sha.

Ni ke buga ƙarfen nan, don haka kafin kowane darasi ya ƙare na riga na fita na tsaya a gindin bishiya ina jiran hedimasta ya ɗaga mini hannu. Ni ke cika randar malamai daga rijiyar masallaci. Ni ke tura kekensa wajen mai faci. Amma babban aikina shi ne goyo. 'Yan yanzu ba su san shi ba. In za a yi wa yaro bulala ba a barinsa tsaye, don zai yi ta tsalle yana karewa da hannu. Sai a kira ƙato ya juya baya, yaron ya ɗora hannuwansa a kafaɗunsa, ƙato ya damƙe wuyan hannuwan ya sunkuya, ƙafafun yaro su bar ƙasa. Ko wane darasi ake yi, sai ka ji murya daga taga: "Ina Ƙato?" In tashi in fita. Kowace bulala sai ta ratsa jikin yaron ta sauka a nawa. Ina jin numfashinsa a kunnena, hawayensa da majinarsa a wuyan rigata, wani lokaci bakin dorinar ya zagayo ya same ni a haƙarƙari. In an gama in sauke shi, in gyara riga, in koma aji in tarar an wuce wurin da na bari.

Kuma ina jin daɗi, wannan shi ne abin. Hedimasta ya san ni, yana bar mini ragowar furarsa. Yara na matsa mini hanya. In baƙi sun zo daga ofishin ilimi ni ake nunawa a ce ga yaron kirki. Kakata ce kaɗai ba ta ruɗu ba. In na dawo da jiƙaƙƙiyar riga sai ta dube ni ta ce, "Kai ɗan nan, makaranta aka kai ka ko ƙodago?" In ce ai hedimasta yabona yake yi. Ta ce, "Jaki ma ana shafa masa wuya in za a ƙara masa mangala." Na ɗauka zancen tsofaffi ne.

Muna aji biyar aka kawo mana wani saurayin malami, sabon fitowa daga kwalejin horon malamai. Ranar da ba na mantawa ya zana da'ira a allo ya ce gurasa ce. Ya raba ta biyu, ya zana wata ya raba ta uku. Ni kuwa rabo aikina ne a gida, ni ke raba wa ƙannena tuwo da nama, na san rigimar da ke cikinsa. A karo na farko na ji lissafi ya yi magana da ni. Ban san lokacin da hannuna ya tashi sama ba. Na ce, "Malam, to in mutum ya ci rabin waccan, ya ƙara da yanki ɗaya na wannan mai uku, nawa ya ci ke nan, tunda yankan ba ɗaya ba ne?" Malamin ya tsaya ya dube ni kamar ranar ya fara ganina. Ya ce, "Madalla! Taso nan gaba, wannan ita ce tambayar." Na taso ina tsallake ƙafafun yara, ya miƙo mini alli. Allin na hannuna aka ce daga taga, "Ina Ƙato?"

Malamin ya ce, "Ranka ya daɗe, tambaya ya yi, a ɗan ba mu lokaci."

Hedimasta ya leƙo da kai ya ga alli a hannuna. Ba faɗa ya yi ba, dariya ya yi, irin ta babba in ya ga yaro ya sa takalmin ubansa. Ya ce, "Wannan? Haba Malam, kada ka ɓata allinka. Kowa da abin da Allah ya ba shi. Wannan jiki Allah ya ba shi."

Aji ya kwashe da dariya, ni ma na yi. Na ajiye alli na fita na goyi wani yaro da ya makara. Da na dawo an goge allo. Ban sake ɗaga hannu ba, malamin ma kafin shekara ta ƙare aka canza masa makaranta. Da aka zo zaɓen waɗanda za su zauna jarrabawar shiga sakandare, ba a ko yi shawara a kaina ba. Ranar jarrabawar ina wurin dai. Ni na kwashe bencina na jera musu a ɗakin da za su rubuta.

Daga nan kasuwa ta ɗauke ni. Na yi dako, na yi yaron shago, Allah ya buɗa na yi nawa. Da na yi aure na ce wa mai ɗakina ko hannuna zan sayar sai ta yi karatun da ban yi ba. Ta yi, har ta zama malama a kwaleji, har aka ɗauki nauyinta ta zo ƙasar nan yin digiri na uku. Na biyo ta da yara biyu, ina sayen kaya ina aikawa gida. A takarda ni ɗan rakiya ne, zamana a ƙasar a jikin nata yake rataye. Muna zaune a Wangsa Maju, a wani bene mai tsawon da in ka leƙa ƙasa motoci kamar ƙwaro. Babu carar zakara, babu ƙarar turmi, sai kukan jirgin ƙasa da ke wucewa ta sama da ruwan la'asar da ke dukan taga.

Ranar da na fara shiga makarantar yaran na kusa yin hawaye. Ba ta gwamnati ba ce, ta kuɗi ce, don ita ke karɓar 'ya'yan baƙi irinmu. Sanyi a kowane aji. Kowane yaro da tebur da kujerarsa. Allo fari, wani ma haske ne ke fitowa a jikinsa. Babu dorina, babu randa, ƙararrawa ma da kanta take kaɗawa, wata 'yar waƙa mai taushi. Na ce a raina, to, a nan babu abin da za a nemi ƙato ya yi. Na ɗauka na tsere.

Ɗana Halifa muke ce masa, sunan mahaifina ya ci. Lokacin da muka zo ɗan firit ne, bakinsa ba ya hutawa. Jirgin da ke bi ta unguwarmu ba shi da direba, da kansa yake tafiya, kuma a can gaba inda direba ya kamata ya zauna gilashi ne kawai. Duk ranar da muka shiga sai ya ja ni har gaban, ya manna goshi a gilashin. "Baba, wa ke tuƙa shi? Ta yaya ya san ya zo tasha? In wani jirgin ya tsaya a gabansa wa zai gaya masa?" In ce tambayi mamarka. Ya ce ita ma ba ta sani ba, shi zai gano, shi zai ƙera irinsa daga Kano zuwa garinmu. Na sha jin kunya a cikin jirgin nan saboda rashin amsa, amma kunya ce mai daɗi.

Sai jikina ya fito masa. Cikin ɗan lokaci wanduna suka ɗage, murya ta buɗe, yana shekara sha huɗu ya fi duk 'yan ajinsu tsawo, ya fi wasu malaman. Ga shi baƙi wuluk kamar ni, shi kaɗai a ajin. Na fara lura da yadda gari ke kallonsa. Mai gadin kanti ya riƙa binsa a baya. Mace ta gyara riƙon jakarta in ya shigo lif. Yaron da jiya-jiya tsofaffin Sinawa ke shafa wa kai. Ƙanwarsa kuwa, makaranta ɗaya, fata ɗaya, tana gaban aji da ɗan hijabinta ana ta yabonta. Ita ba ta tsorata kowa.

Tambayoyi suka ɗauke kamar ruwan ƙarshen damina. In ka ce yaya makaranta ya ce, "Okay lah," da wannan "lah" ɗin da 'yan ƙasar ke liƙa wa zance. In ka ce ka yi aikin gida ya ce, "Boleh," wato ba matsala, kalmar da mutanen nan ke rufe kowace magana da ita. A jirgi ya daina zuwa gaba, ya samu lungu ya toshe kunne. Lissafinsa da ya fi ƙarfi a kai ya fara zamewa, uwarsa ta ce shekarun ne, duk yara haka suke yi. Sai ga lambar yabo ta gudu ya kawo, sai ga wata. Ta rataye su a falo tana murna. Ni kuwa duk lokacin da na kalle su sai in ji ɗanɗanon furar hedimasta a bakina. Sai na ce wa kaina kada in zama wanda maciji ya sara, ya ga tsumma ya hau gudu.

Wata rana ya manta abincinsa. Na tsaya a shagon mamak na ƙasan gidanmu, Indiyawan nan Musulmi masu sayar da abinci, aka ƙunsa mini shinkafa da kaza na kai masa da hantsi. Mai gadi ya ce in jira a bakin babban ɗakin taro. Ina tsaye ina hango ajinsu ta gilashi, wata malama na rubuta lissafi, kawuna duk a sunkuye. A layin ƙarshe jikin bango kujera ɗaya ba kowa, jakarsa na rataye a jiki. Kafin in gama tunanin ina ya tafi sai ga shi ya fito daga sito, ya rungumo kujerun roba an jera su har sun rufe masa fuska. Bayansa wani yaro ɗan Sudan daga wani ajin, shi ma da nasa lodin. Su biyu rak aka zaɓo a duk makarantar, kuma ba sai na gaya maka abin da ya haɗa su ba. Malamin ajinsu, wanda shi ne kuma mai kula da wasanni, yana tsaye da usur a wuya yana tafa hannu: "Big man! Nan, nan, kawo nan!" Halifa ya sauke kujerun, gumi ya jiƙa masa wuyan riga, malamin ya dafa kafaɗarsa. Sai yaron ya yi murmushi. Na san murmushin nan. Ta ciki na san shi.

Ban bari ya gan ni ba. Na bar abincin wurin mai gadi na fito.

Da yamma muna cin abinci na ce, "Halifa, yau lokacin lissafi kana ina?"

Ya ɗago. "Cikgu ne ya ce in taimaka, akwai taron iyaye." Cikgu suke ce wa malami.

"Kullum kai ne mai taimakon?"

"Ni ne na fi ƙarfi, Baba. Minti kaɗan ne."

"Ranar gudu fa?"

"Wannan training ne. In gasa ta matso muna fita kafin a tashi."

"Wa ya mai da kai layin baya?"

"Ina tare wa mutane allo."

Na ce, "Yaushe rabonka da ɗaga hannu a aji?"

Ya yi ta juya cokali a cikin shinkafa. Can ya ce, "In na ɗaga, cewa ake yi banɗaki za ka? Sai kowa ya yi dariya." Ya ɗan yi dariyar shi ma. "Kuma in aka yi surutu a baya ni ake fara kira, ko barci nake yi. To gara in fita ɗaukar kujerun, a can ba a yi mini faɗa."

Uwarsa ta ajiye cokali. Ashe ita ma ba ta sani ba. Sai ya ƙarasa mana sauran: ƙarshen zangon nan za a raba su gida biyu, masu lissafi mai zurfi da kimiyya, da waɗanda za a ba mai sauƙi. Malamin aji ne ke ba da shawarar inda kowa zai shiga. Ya riga ya gaya masa mai sauƙin zai fi masa, don ya samu lokacin gudu. Wanda kuwa aka sa a mai sauƙi, ƙofar injiniya ta rufe masa tun daga nan.

Na ce gobe zan je makarantar.

Ya miƙe tsaye, kansa na neman taɓa fanka. "Baba, please, kada ka je. Za ka ɓata komai. Cikgu yana sona!"

Na ce, "Na san yana son ka. Ni ma an so ni."

Ya shige ɗaki ya rufe ƙofa. Uwarsa ta matso ta rage murya. "Baban Halifa, ka bi a hankali. Mu baƙi ne. Wannan ce makarantar da muke iyawa, in suka ce mu nemi wata ina za mu? Saura kaɗan in gama. Bari in rubuta musu cikin ladabi, mu kuma samo masa mai lesin."

Na ce, "A fitar da shi daga ajin da aka sa shi, mu kuma mu nemo wani ya cike ramin? Rubutunki za su amsa da rubutu mai daɗi, kujeru kuma ba za su ɗauki kansu ba."

Ta ce, "To da wane Turancin za ka yi musu bayani?"

Ba da mugunta ta faɗa ba, tsoro ne. Amma ta taɓa inda ke ciwo, don gaskiya ta faɗa. Turancina na kasuwa ne, an ɗaure shi da igiya, yana kai kaya amma ba ya shiga ofis. A taron iyaye ita ake kallo in ana magana, ni ina gefe kamar direbanta. Ranar Juma'a na taɓa wa wani ɗan garinmu zancen, mai karatun digiri a nan, ya ce, "Alhaji, haka suke yi wa namu mazan, ba da gangan ba ne. Haƙuri za ka yi, ai an kusa komawa gida." Haƙuri. Mahaifina ma haƙuri ya yi. Ana cewa kyan ɗa ya gaji ubansa, ni kuwa babu abin da nake tsoro a duniya kamar wannan gādon.

Kwana biyu ina juya abin. In na je na yi rashin hankali a huce a kan yaron. In suka ce na tayar da hankali a makaranta, ni da zamana ke rataye a takardar wani, me zai biyo baya? In kuma na zauna, zango ya ƙare, an goge allo. A kicin idona ya faɗa kan kujerar uwarsa, 'yar tsugunno ta katako da ta taho da ita daga Kano, wadda take zama a kai in tana tuƙa tuwo. Na sa ta a babbar leda na fita. A jirgi na tafi can gaba na tsaya a gilashin, ni kaɗai a cikin 'yan yara, ina haɗa kalmomi a baki suna warwarewa.

Bari in faɗi inda abin yake yau, kada wani ya ɗauka labarin nasara nake bayarwa. Ba a raba azuzuwan ba tukuna, ban san inda za a jefa shi ba. Halifa gaisuwa kawai ke haɗa mu. Uwarsa duk lokacin da wayarta ta yi ƙara sai ta dube ni, tana tsoron daga makarantar ne. Kujerar ba ta dawo gida ba, ban kuma tambayi yaron ko ana zama a kanta ko tana sito ba, don ina tsoron amsar.

A ranar dai, na samu malamin lokacin tara, yara sun fita cin abinci, yana ajin shi kaɗai. Ya taso da fara'a ya kama hannuna da hannu biyu, ya yi mini sallama irin ta Musulmi, don Musulmi ne. Ya ce, "Baban Halifa! Ɗanka abin alfaharinmu ne. Ladabi, ƙarfi, ba ya taɓa cewa a'a."

Na ce na sani. Na ce na zo ne a kan lissafi.

Ya ɗan karkata kai cikin tausayi. "Kada ka damu lah. Ba kowane yaro ne na littafi ba. In muka matsa masa zai sha wahala a banza. Ku mutanen Afirka Allah ya ba ku jiki, kyauta ce. Yaron nan zai iya yin nisa da gudu."

Wallahi sai na ji ƙarar ƙarfen nan na gindin darbejiya a cikin kaina. Harshe daban, fuska daban, teku tsakani, magana ɗaya. Duk kalmomin da na haɗa a jirgi suka zube. Na ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Da Turancin kasuwa, da guntun Malayancin da na tsinta wurin masu kaya, da hannu, na yi magana. Na tambaye shi ko ya taɓa zama da yaron ya ga inda lissafin ya tsaya masa. Ya ce ai ba shi ke koyar da lissafi ba. Na tambaye shi a cikin darussan da yaron ya faɗi, nawa yana ajin aka yi su.  Ya ce batun kujerar baya kuwa ba wani abu ba ne, tsari ne kawai, dogaye a baya, gajeru a gaba, don kowa ya ga allo.

Na zaro kujerar daga leda na dire ta a gaban allo, gaban layin farko. Katakon ya yi ƙara a kan tayil. Ya dube ta, ya dube ni, murmushin ya tsaya a rabi.

Na ce, "Cikgu, dube ni da kyau. Ni ne yaron nan in ya girma. Ni ma malamina ya so ni, ya ce jiki Allah ya ba ni, ya ba ni kaya na ɗauka. Wannan Turancin da kake wahalar ganewa, shi ne abin da na fito da shi. Ka ce tsawonsa ke tare allo. To ga kujera, in ya zauna a kanta ya fi kowa gajarta. Ka sa shi a nan. In ya ɗaga hannu a tambaye shi me yake son sani. Ka bar shi a aji zango ɗaya cikakke, ba gudu, ba aike. In ya faɗi bayan haka, ya faɗi da kansa, zan karɓa. Amma ba za ka fitar da shi ba sannan ka ce ba ya ciki."

Ya ce, "Baban Halifa, ba haka nake nufi ba, taimako ne kawai yake yi..."

Na ce, "Na sani, kujeru na bukatar mai ɗauka. In taro ya tashi ka kira ni. Gidana kusa ne, bayana da sauran ƙarfi, kuma na iya aikin, shi kaɗai makaranta ta koya mini. Ni zan kwashe maka su duka. Shi ka bar shi ya ji ƙarshen darasin."